Jirin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa da wahalar barin maganin ciwon damuwa

Admin:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani ɗan uwa ya turo tambaya ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa. Magidanci ne ɗan shekara 44, yana da shago a cikin garin Sakkwato. Shekara uku ke nan yana shan paroxetine 20mg kowace safiya saboda ciwon damuwa da fargaba, kuma ya samu sauƙi. Sau biyu yana gwada bari. Karon farko ya ajiye shi rana ɗaya, kwana uku jiri ya kwantar da shi har da amai, ya koma sha. Karo na biyu aka ce ya sha yau ya tsallake gobe, abin ya fi na farko muni. Yanzu wata biyar yana sha yana bari, jirin kuma bai rabu da shi ba ko a ranar da ya sha. An yi masa maganin maleriya da taifod sau uku, an yi masa allurai a kemis, yana shan maganin jiri Stugeron kullum. Hoton kai an ce lafiya lau. Yana tambaya: maganin ne ya lalata masa ƙwaƙwalwa? Kuma yaya zai rabu da shi? Likitocinmu, bismillah.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam. A fara kwantar masa da hankali, ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba, kuma ba irin kamun Tramol ko kodin ya yi ba. Mai shan paroxetine ba ya ƙishirwarsa, ba ya ƙara ƙwaya don ya ji garau. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwa ta shekara uku tana aiki a kan wani ma'auni na sinadarin serotonin, ta saba da shi, sai aka janye shi lokaci guda. Cibiyoyin da ke riƙe daidaiton jiki a gindin ƙwaƙwalwa suna cikin masu aiki da wannan sinadari, shi ya sa jiri ke kan gaba a alamomin janyewa. Sauran su ne tashin zuciya, zufa, ciwon jiki kamar mura, munanan mafarkai, saurin fushi, da wani abu kamar an ɗana wa mutum wayar lantarki a ka, musamman idan ya juya ido.

A cikin magungunan ciwon damuwa, paroxetine da venlafaxine su ne suka fi wahalar bari, saboda saurin fitarsu daga jini. Rabin paroxetine yana barin jiki cikin kamar kwana ɗaya. Venlafaxine cikin awa 5, abin da hanta ke juya shi ya koma kuma awa 11. Sertraline kamar awa 26. Fluoxetine kuwa kwana 4 zuwa 6, ragowarsa ma takan wuce mako. To ku duba shawarar nan ta a sha yau a tsallake gobe. Ga mai paroxetine, jini ya cika yau ya zube gobe, ƙwaƙwalwa tana shiga janyewa sau uku ko huɗu a mako. Wata biyar yana wannan hawa da sauka, ina jiri zai tafi?

Matakin farko ba ragewa ba ne. Ya koma wurin likitan da ya ɗora shi, a tsayar da shi a kan adadi ɗaya da zai sha kullum, lokaci guda, ba fashi, na mako 4 zuwa 6. Sai ƙasa ta tsaya cak kafin a yi maganar sauka.

Likitan Kunne:
Na yarda da Dakta, amma kada mu ɗora wa maganin duk laifin. Kalmar jiri buhu ce, abubuwa da yawa ke cikinta. Admin, tambaye shi wanne ne nasa. Ɗaki ne ke juyawa da shi, wato hajijiya? Ko duhu ke rufe masa ido idan ya miƙe tsaye? Ko tangal-tangal yake yi wajen tafiya? Ko kuwa kansa ne ke yawo kamar yana cikin kwale-kwale, ba juyawa ba faɗuwa? Sannan minti nawa yake ɗauka, kuma me ke tayar da shi.

Hajijiyar da ke zuwa idan an juya a kan gado, ko an ɗaga kai, ko wajen ruku'u da sujada, ta kuma wuce kafin minti ɗaya, yawanci BPPV ce. Wasu ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne ke ɓallewa su faɗa wani bututu mai lanƙwasa da ba mazauninsu ba. Hoton kai ba ya nuna ta. Gwajinta a kan gadon asibiti ake yi: a juya kai digiri 45, a kwantar da mutum da sauri kansa ya ɗan rataya, a kalli idonsa. Idan ƙwayar idon ta fara rawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, an kama ta. Maganinta kuma jujjuya kai ne da ake kira Epley, matakai huɗu, kowanne a tsaya rabin minti zuwa minti ɗaya. Ba ƙwaya ba allura. Idan kuwa hajijiyar tana kai minti 20 zuwa awa 12 tare da ƙarar kunne da raguwar ji, wannan wata cuta ce daban, Meniere, sai an yi awon ji. Akwai kuma ta ciwon ɓarin kai, wadda kan zo da ƙin haske da hayaniya, wani lokaci ma ba tare da kan ya yi ciwo ba.

Admin:
Na tambaye shi. Ya ce ɗaki ba ya juyawa. Kansa ne ke yawo kullum tun safe, yana raguwa idan ya kwanta. Ya fi tsanani idan ya shiga Babbar Kasuwa, ko yana jan hotuna a waya, ko a sahun Juma'a idan jama'a suka motsa gaba ɗaya. Kan kabu-kabu bai cika jin shi ba, sai ya sauka.

Likitan Kunne:
To ka ji. Wannan siffar ta yi kama da abin da ake kira PPPD, jiri mai naci da tsayuwa da motsi da cunkoson abin kallo ke tayarwa. A 2017 ƙungiyar Barany ta masana kunnen ciki ta fitar da sharuɗɗansa, kuma ya shiga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sharaɗin farko: jirin ya kai wata uku ko fiye, a mafi yawan kwanaki. Yadda yake samuwa shi ne wani abu ya fara kawo jiri na gaskiya, ciwon kunne ne, ko firgici, ko a nan janyewar magani. Ƙwaƙwalwa ta tsorata, ta daina amincewa da kunne, ta koma dogaro da ido da taurin jiki. Abin da ya tayar da shi ya wuce, ita ba ta sauke tsaron ba. Shi ya sa kasuwa ke rikita shi, ido na kawo saƙo fiye da kima. Sau da yawa awon da aka yi yakan fito lafiya, kuma wannan ba ya nufin ƙarya yake ko raki.

Sai dai ba a yanke wannan hukunci ta waya. Sai an duba shi ido da ido an kawar da sauran. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne wurin zuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai allurai ne da aka yi masa a kemis. A nemo sunansu. Idan da gentamicin a ciki, wato wata allurar kashe ƙwayoyin cuta, tana iya lalata sashen daidaito na kunne biyu gaba ɗaya, ji kuma bai taɓu ba. Alamarta: abin da mutum ke kallo yana tsalle idan yana tafiya, kuma tafiya cikin duhu ko kan rairayi ta gagare shi. Wannan ɓarnar ba ta cika gyaruwa ba, don haka kada a sake yi masa.

Famasis Mabera:
Yallabai, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Bari in ƙara da Stugeron ɗin nan. Cinnarizine ne, aikinsa danne saƙon kunnen ciki. Yana da amfani a hajijiya mai tsanani da amai, kwana biyu zuwa uku. Bayan nan cutarwa yake, don ƙwaƙwalwa ba ta gyara lissafinta sai tana jin saƙon da ya karkace, shi kuma ya toshe mata. Shan sa na watanni yana kawo kasala, nauyin kai, ƙiba, ga tsofaffi kuma rawar hannu da taurin jiki irin na Parkinson, yana ma iya ƙara damuwar da ake magani. Haka Stemetil, maganin jiri da amai, wanda kan murɗe wuya da harshen matasa. Haka diazepam da Lexotan masu sa barci, su kuma da nasu kamun wanda ya fi na paroxetine wahalar kwancewa.

Sannan maganin maleriya sau uku. An ga ƙwayar cutar a awo, ko dai an ji jiri ne aka ce maleriya? Shi kansa artemether da lumefantrine jiri na cikin illolinsa da aka sani. Awon Widal guda ɗaya kuwa ba ya tabbatar da taifod a wurin da cutar ta zama ruwan dare. Mutum ya zo da jirin janyewa, a ɗura masa magunguna huɗu masu kawo jiri, ya dawo a ce taifod ɗin ne bai fita ba.

Baba Tsohon Nas:
Salamu alaikum ɗiyana. Duk abin da kunka hwaɗi daidai na, amma kun bar mai sauƙi baya. A auna mai jini kwance da tsaye. Shi kwanta minti 5 a auna, shi tashi tsaye a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. In na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, to ga dalili nan. A ƙirga bugun zuciya ma, in ya ƙaru da 30 ko hiye kuma ya tsaya haka, a gaya ma likita. Garin nan daga Maris zuwa Mayu zahi na wuce digiri 40, mai shago na wuni cikin kwano shina zuhwa, magungunan damuwa kuma suna ƙara zuhwa. In shina shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin Moduretic, abin ya haɗu mai biyu. Kuma a tambaye shi mi yaka ci da sahe. Wani shayi da goro na kawai har azahar.

Awon jini kada shi wuce waɗanga sai da dalili: yawan jini, sukari, gishirin jini da aikin ƙoda. In akwai hali a ƙara da na maƙoƙo. Mai ciwon sukari da ya daɗe bisa metformin a duba mai bitamin B12.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ranka shi daɗe Baba, ka yi gaskiya. Gishirin jinin nan yana da muhimmanci, don magungunan gidan su paroxetine suna iya saukar da shi, wato sodiyam, ƙasa da 135, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin fitsari, kuma alamarsa jiri da ruɗewa. Faɗuwar jini a tsaye kuma ta fi yawa ga masu amitriptyline, wani maganin damuwar, wanda shi ne ya fi yawo a hannun mutanenmu saboda araha.

Maman Khalifa:
Dakta, don Allah ta yaya mutum zai gane janyewa ce ko kuwa ciwon ne ya dawo? Don abin da aka saba ji shi ne “ka ga, ba ka warke ba, ci gaba da sha.”

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Hajiya, abu uku ake dubawa. Lokaci: janyewa tana zuwa cikin kwana 2 zuwa 5 da ragewa, ciwon kuwa yakan lallaɓo bayan makonni ko watanni. Iri: janyewa tana kawo abin da mutum bai taɓa ji ba a ciwonsa na asali, kamar jiri da tartsatsin lantarki da amai. Sai amsa: idan aka mayar da maganin, janyewa takan lafa cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, ciwon damuwa kuwa sai ya ɗauki makonni. Fluoxetine ne ke ruɗa lissafin, don janyewarsa kan makara har makonni.

Amma in ja kunne. Ba kowa ne ya kamata ya bari yanzu ba. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an warke sarai. Wanda ciwon ya taɓa dawo masa sau biyu ko uku, ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa, shekara 2 ko fiye ake magana. Kuma yawancin masu bari ba sa shan irin wahalar ɗan uwan nan. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Lancet Psychiatry a 2024 ya nuna kamar mutum 15 cikin 100 ne ke samun alamomin da maganin ne ya jawo su, masu tsanani kuma kamar 3 cikin 100. Kada masu karatu su tsorata su ƙi fara magani alhali suna buƙata.

Famasis Mabera:
Dakta, da girmamawa, wannan adadin akwai ja a kansa. Yawancin binciken da aka tattara na waɗanda suka sha maganin makonni ne ko 'yan watanni. Wani nazarin na 2019, na Davies da Read, ya kawo fiye da rabi, 56 cikin 100. Mai shekara uku a kan paroxetine ba ɗaya yake da mai mako takwas ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Shi ma na 2019 ɗin an soke shi, don ya jingina da tambayoyin intanet, kuma wanda ya sha wuya shi ne ya fi amsa irin waɗannan. Gaskiya tana tsakani. Inda ba mu da saɓani: daɗewa a kan magani, yawan adadi, da irin maganin suna ƙara haɗarin, kuma wanda ya gwada sau biyu ya faɗi ya riga ya nuna mana ajinsa. Kawo tsarin saukar, kai ne mai ƙwaya a hannu.

Famasis Mabera:
To. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa daga 20 zuwa 10 daidai yake da daga 10 zuwa sifiri. Ba haka ba ne. Horowitz da Taylor sun nuna a 2019, da hotunan ƙwaƙwalwa, cewa ƙaramin adadi yana yin aiki mai yawa. Misalin citalopram, ɗan gidan su paroxetine: 20mg yana toshe kamar kashi 80 na ƙofofin da ke kwashe serotonin, 5mg yana toshe kusan kashi 60, kuma 2mg da ɗoriya yana riƙe da kusan kashi 40. Ka ga wanda ya ce “ai kwata kawai nake sha, bari in yar” daga kan katanga ya diro, ba daga dakali ba. Paroxetine yana da ƙarin sharri: yana danne sinadarin hanta da ke narkar da shi, don haka da adadin ya ragu sai jiki ya ƙara saurin fitar da shi.

Saboda haka matakan suna ƙanƙancewa ne yayin da ake sauka. Misali, bayan ya daidaita a 20: sai 15, 10, 7.5, 5, 4, 3, 2, 1.5, 1, 0.5, sannan a tsaya. Kowane mataki mako 2 zuwa 4. Wato wata biyar idan jiki ya karɓa da sauri, wata goma idan ana bi a hankali. Wanda ko wannan ya yi masa tsauri, a riƙa cire kashi 10 na adadin da yake kai a lokacin, ba na farko ba: 20, 18, 16.2, 14.6, haka har ƙasa. Ba a sauka mataki na gaba sai alamomin na baya sun lafa kamar mako guda. Idan mataki ya yi zafi har ya hana aiki ko barci, a koma na bayansa, a zauna, sannan a sake da rabin wancan ragin. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin magani, ita ma a 2022 ta koma kan wannan hanya ta ragewa daki-daki.

Yadda za a samu ƙananan adadi: ƙwayar 20mg rabinta 10, kwatanta 5, rabi da kwata 15. A yi amfani da abin yanka ƙwaya, reza tana farfasa ta. Ƙasa da haka sai ruwa, kuma na kwalba ba ya samuwa a nan cikin sauƙi. Abin da ake yi: a murƙushe rabin ƙwaya, 10mg, a zuba a ruwa mai tsabta 10ml da aka auna da sirinji, kowane 1ml ya zama 1mg. A girgiza sosai, a zuƙa nan take da sirinjin 5ml ko 10ml marar allura, a sha, a zubar da saura. Kullum sabo. Ɗaya rabin a yi amfani da shi gobe, don idan yankan ya karkace su rama wa juna.

Sista Nas Arkilla:
Yallabai, wannan haɗin ruwan yana ba ni tsoro a hannun mutanen gida. Garin ba narkewa yake ba, kwanciya yake a ƙasan kofi. Wanda ya girgiza ya tsaya amsa waya, ruwa zalla zai zuƙa yau, gobe ya kwashi gari.

Famasis Mabera:
Haka ne Sista, shi ya sa na ce nan take. Ƙaramar kwalba mai murfi ta fi kofi. Kuma a yi na farko a gaban famasis ya gani. Ba hanyar da kamfani ya rubuta ba ce, dole ce ta sa, kuma sai da sanin likita. Wani gargaɗin: duk ƙwayar da aka rubuta CR ko XR ko SR a kwalinta ba a murƙushe ta, don an yi ta ne ta saki magani a hankali. Kafson venlafaxine mai ƙananan ƙwayoyi a ciki ana iya buɗe shi a ƙirga a rage, amma ba a tauna su. Kuma ya tsaya kan kamfani ɗaya mai lambar NAFDAC har ya gama, ya sayi na gaba tun saura na mako guda. Yawancin janyewar da ake gani ba niyya ba ce, magani ne ya ƙare ranar Juma'a aka ce sai Litinin. Kada a bar shi cikin mota ko shagon kwano, yawancinsu ƙasa da digiri 30 ake so a ajiye su.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ga wanda sirinji zai rikita, akwai hanya ta biyu: a mayar da shi kan fluoxetine 20mg a madadin paroxetine 20mg, a bar shi ya zauna kamar wata guda, sannan a sauke shi. Da yake yana daɗewa a jini, shi ke sauke kansa a hankali, kuma shi kaɗai ne tsallake rana ke yi wa aiki. Ba kowa take karɓa ba, wasu sauyin kansa yana tayar musu da fargaba da rashin barci. Wannan aikin likita ne, a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, ba na kan kantar kemis ba.

Akwai kuma wani ƙulli a lamarin ɗan uwan nan. Idan PPPD ne, magungunan wannan gida, irin su sertraline, suna cikin abin da ake ba masu shi, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Don haka ni ba zan fara saukar da shi ba sai jirin ya ja baya. In aka haɗa biyun lokaci guda, ba mai sanin wanne ke magana.

Fisiyo Gawon Nama:
Nan namu ya shigo. Mai irin wannan jirin yakan daina juya kai, ya daina shiga kasuwa, ya riƙa tafiya kamar ya ɗauko tulu. Wannan kiyayewar ita ke ciyar da ciwon. Atisayen farko: ya rubuta harafi ɗaya babba a takarda, ya riƙe ta tsawon hannu, ya kafe ido a kan harafin, ya riƙa juya kai dama da hagu, daidai saurin da harafin ba zai dushe ba. Daƙiƙa 30 da farko, a zaune. Sannan sama da ƙasa. Sau uku a rana, a riƙa ƙarawa har jimillar ta kai minti 20 a yini. Bayan mako ɗaya ko biyu ya koma yi a tsaye, sannan ƙafa haɗe, sannan a gaban labule ko darduma mai zane. Ya ƙara da tafiyar minti 20 bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, yana waiwaye dama da hagu.

Ma'aunin shi ne jirin ya ɗan tashi, kamar 3 ko 4 cikin 10, ya kuma lafa cikin kwata awa. Idan bai tashi ba sam, atisayen ya yi sauƙi. Idan ya wuni da shi, an zarce, gobe a rage rabi. Kasuwa ma haka: minti 5 a bakin ƙofa da sassafe kafin cunkoso, ba tsakiyar 'yan atamfa da rana tsaka ba. Mako biyun farko yakan ji kamar abin ya ƙaru, a nan mutane ke gudu. Sauƙin yana bayyana ne wajen mako 6 zuwa 8. Kuma muddin yana kan Stugeron, aikin banza muke.

Malam na Ƙofar Marke:
Allah shi saka muku. Ni nawa kaɗan na. Irin wanga jiri da awo bai nuna komi ba, nan da nan aka cewa iska ta ko sammu. Addu'a da ruƙiyya ba su hana magani, amma duk mai ruƙiyyar da yac ce a zubar da ƙwayoyin asibiti rana ɗaya, ya ɗauki alhakin abin da bai da sani kai. Kwana ukku mutum shi hwara rawar jiki da mafarkai, a ce ga aljanin nan ya motsa. Kuma wanda tsayuwa ko sujada ka kawo ma jiri har shina tsoron hwaɗuwa, shi yi salla zaune, shari'a ta ba shi. Tambayata Dakta, azumi fa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Allah gafarta Malam, maganin sau ɗaya a rana ba ya hana azumi. A mayar da shi sahur ko buɗa-baki, a tsaya kan ɗaya. Mai sa barci kamar amitriptyline ko mirtazapine bayan tarawihi. Abin da nake hanawa shi ne a fara sabon matakin ragewa cikin Ramadan ko tsakiyar bazara, don ƙishirwa da ƙarancin barci suna kawo nasu jirin, lissafi ya cakuɗe. A tsaya a matakin da ake har bayan salla.

Maman Khalifa:
Mace kuma da ta ga tana da ciki tana kan maganin?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Kada ta yar da shi ranar da ta gani, ta je asibiti cikin makon. Paroxetine ba shi ake so ba a wata ukun farko saboda ɗan ƙarin haɗari ga zuciyar jariri, sau da yawa akan sauya zuwa sertraline. Amma yankewa lokaci guda ga mai laulayi wahala biyu ce, kuma ciwon damuwa bayan haihuwa ba abin wasa ba ne.

Admin, ƙara masa da wannan. Kada ya kusanci Tramol, ko don ciwon baya. Shi ma yana ɗaga serotonin, haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi, rawar jiki, ruɗewa da farfaɗiya. Idan kuma dama yana sha a ɓoye, ya faɗa wa likita, don barin sa ma yana kawo irin wannan jirin. Mai amitriptyline kuma ya faɗi haka kafin a ba shi maganin maleriya mai lumefantrine ko kwinin, saboda bugun zuciya.

Abin da ba a jira da shi, a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare: jiri tare da ganin abu biyu-biyu, karkacewar baki, sarƙewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa tsayuwa sam, sabon ciwon kai mai tsanani, toshewar kunne ɗaya farat ɗaya, ko suma da bugun ƙirji. Haka idan ya ji wata azalzala da ta hana shi zama wuri ɗaya, ko tunanin halaka kansa ya zo masa, ko da bai taɓa yi ba. Janyewa tana iya kawo wannan, kuma a gaya wa uwargidansa ta sa ido.

Admin:
Ya karanta duka, yana godiya. Ya samo takardar kemis ɗin, ya ce cikin alluran akwai gentamicin, kwana biyar aka yi masa. Ya kuma ce rabonsa da paroxetine kwana biyu ke nan, yana tambaya ko ya sha biyu yau ya rama.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A'a, ba a ramawa. Guda ɗaya yau, guda ɗaya gobe a daidai lokacin, ya ga likitansa cikin makon nan. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata, adadin da ya sha, ƙarfin jirin daga 0 zuwa 10, awannin barci, da abin da yake yi lokacin da ya tashi. Ya tafi da shi.

Likitan Kunne:
Ya taho da takardar kemis ɗin ma, da duk kwalayen da yake sha. Kuma ya dakatar da Stugeron aƙalla kwana biyu kafin ranar da za a duba kunnen, in ba haka ba zai ɓoye mana rawar idon da muke nema. Kafin nan kada ya tuƙa babur, kuma ya bar fitila a kunne a hanyar bayi da dare.